Ruwan Rijiyar Baba Tambaya

"Wanga ba ruwan rijiyata ba na," in ji Baba Tambaya, ya ture kofin. "Mu'awiya, ni za ka yi ma wayo? Na burtsatse na."

Kunya ta rufe ni. Tsoho kwance, kwana huɗu bai ci komai ba, amma harshensa na nan garau!

Maƙwabcina ne, katanga ɗaya ta raba mu a Tambuwal. Shi da mahaifinsa suka gina rijiyar bakin layinmu, zurfinta gaba goma sha biyu, tun kafin a san famfo a unguwar. Da burtsatse ta zo muka juya mata baya, ta zama wurin zuba shara. Ni da bakina na ce a cike ta. Har na sa an jibge ƙasa a gefenta, sai Asabar kawai muke jira.

Batula, 'yarsa da ta zo jinya daga Kebbe, ta biyo ni zaure.

"Yaya, ba shi roƙon komi sai ruwan nan. In kun cike ta, da mi zan ba shi?"

Da hantsi na nemo igiya, na tara mazan layi. Ni mai tumbi aka zura, suna ta dariya wai igiyar ce abin tausayi. Leda, takalma, gwangwanaye, har da tsohon keken ɗinki muka fitar. Wallahi na zagi mutanen layinmu a ramin nan, na zagi kaina.

A can ƙasa na ga abin da ban taɓa sani ba. A kowane gaba, an danna tafin hannu a siminti tun yana ɗanye, babba da ƙarami gefe da gefe. Sai na ji ƙwalla ta zo mini.

Kwana biyu muna yasa kafin idon ruwa ya buɗe. Da ya kwanta, Batula ta tace, ta tafasa, ta kai masa. Ya kurɓa, ya riƙe a baki.

"Yawwa. Ita ta." Ya dube ni. "Ka ga hannuwan?"

"Na gani, Baba."

"Ƙaramin nawa na. Haka muka ƙirga gaba, ba mu iya rubutu ba."

Ranar Asabar ɗin ya cika, bayan azahar. Da ruwanta aka yi masa wanka.

Ƙasar da na jibge kuwa, bulo muka buga da ita muka ɗaga bakin rijiyar, aka yi mata murfi. Kafin simintin ya bushe Batula ta zo ta danna hannunta.

Jiya da safe na wuce, mata na jan guga. Ruwa ya taru a cikin tafin hannun na Batula, wata 'yar tsuntsuwa, tsada, tana sha.