Murhun Inna Batulu

Wuni guda tak 'yan sa-kai suka ba Zulaihat a tabkin ƙauyensu, bayan Gidan Goga. Suna tsaye bakin ruwa suna azalzalarta, ita kuwa tana cikin ruwa har ƙugu, tana soka bututun ƙarfe a gindin tabkin tana zaro laka gaɓa bayan gaɓa.

Aikin digirinta ke nan a jami'a. Ƙurar furen da iska ke zubawa a tabki ba ta ruɓewa. Kwanciya take yi cikin laka shekara bisa shekara, tsohuwa a ƙasa, sabuwa a sama. In an yanka lakar a jere an duba da madubin ƙara girma, sai a san lokacin da maɗaci da ƙirya suka cika dajin, da lokacin da suka bar wa aduwa da ciyawa fili. A jere fa! In jerin ya ɓaci, laka ce kawai.

Ta shimfiɗa lakar cikin tsagaggun bututan roba, ta naɗe da leda, ta tura ƙarƙashin gadon mahaifiyarta, Inna Batulu, a gidan da suke haya a Talata Mafara tun da 'yan bindiga suka tashe su. Sannan ta tafi Bakura gaisuwar rasuwa, kwana biyu.

Da ta dawo sai ga bututan jingine da bango, an wanke su tas, don Inna ba ta yarda da ƙazanta ko a kayan ilimi. A tsakar gida kuwa ga sabon murhu an yaɓe shi sumul, yana shan rana.

Zulaihat ta ji kamar ta kurma ihu, kuma ta kurma.

"Inna! Mi kinka yi mini? Tarihin dajinmu kakab kinka kwaɓe da ƙaiƙayi! Wa za shi sake kai ni tabkin ga? An ruhe hanya, ko 'yan sa-kai sun ce sun bari!"

Ta yi wurgi da jaka, ta shure bututan, tana faɗa har muryarta ta dishe. Maƙwabta suka leƙo suka koma.

Inna Batulu ba ta ɗago ba. Shafa gefen murhun take yi da tafin hannu.

"Ƙamshin lakar na ji tun daga ƙarƙashin gado," in ji ta. "Na ɗauka ni kinka kawo ma. Da lakar tabkin nan uwata ka yaɓe murhu, ni ma da ita. Shekara huɗu ina dahuwa bisa duwatsun mutane."

Fushin Zulaihat bai tafi ba, wurin sauka ya rasa a gidan. Ta tsine wa waɗanda suka sa tafiyar awa guda ta gagari tsohuwa shekara huɗu, ta sake tsine musu. Aikin dai ya tafi, ta sani.

Inna ta jawo kara, ta miƙa hannu ga ashana. Zulaihat ta riƙe hannun.

"Bari shi bushe tukuna, Inna. In kin hura mai wuta yanzu, tsagewa za shi yi."