Jirgin Matan Tungar Dogo

Abdulrashid na tsaye a ƙofar gida da buta a hannu ya ji an busa usur. Ya waiwaya yana neman jirgi. Mata ne a jere a kan layin dogo, kowace da kaya a ka, ta gaba da usur a baki. Suka tsaya a gindin tsamiya. Mahaifiyarsa, Inna Kubura, ta fito da kwandon daddawarta tana jan ƙafa, aka buɗa mata wuri a tsakiya. Aka sake busa usur, jerin ya miƙa zuwa Kaura Namoda.

Da yamma ya tambaye ta.

"Jirginmu ke nan," in ji ta. "Tun da Shari'a ta zo aka ce mace ta bar hawa bayan ɗan kabu-kabu. Ba mu ƙi ba. Amma motocin da aka ware wa mata ba su san hanyar Tungar Dogo ba. Layi kuwa miƙe yake har kasuwa, kuma mai shi, jirgin gaske, ba ya zuwa sai ya ga dama."

Hutu ne ya kawo shi gida. Ya yi karatun haƙa hanyar jirgin ƙarƙashin ƙasa a Yukren, yanzu yana aikinta a Alƙahira, inda kamfani ke jiran komawarsa. Yana can mahaifinsa ya rasu, Malam Sabo, mai tsaron mahaɗar layi da titin Gusau. Abin da ya bari bai wuce gidan nan da tutocin aikinsa biyu ba, ja ta tsayar da motoci da koriya ta sallamarsu, waɗanda Inna ta naɗe ta soke a rufin ɗaki.

Labarin zuwansa ya kai kunnen Alhaji Gado, shugaban wani kwamiti da aka kafa don duba zirga-zirga a garin Kaura. Ya aika aka kira shi, ya tarbe shi da fura mai sanyi.

"Injiniya, Allah ne ya jefo mana kai. Na shiga irin jirgin nan naku a Masar, kan hanyata ta Umara. Har da taragon mata zalla. Na ce to, ga maganin matsalarmu. Mata su bi ta ƙasa, maza su bi ta sama, ba mai ganin wani. Sabuwar jiha, ai sai sabon abu."

"Alhaji, mutanen Alƙahira sun fi na jihar nan gaba ɗaya yawa."

"To, da yawansu aka haife su? Kai dai ranar zama ka tashi ka ce abu ne mai yiwuwa. Ofis naka ne, da mota, da gida a cikin gari. Ka dawo kusa da tsohuwa. Ko ba ka ga ƙafarta ba?"

Ya gani. Gwiwar dama ta kumbura kamar tulu.

Ya ba Inna labari tana gyaran kalwa a tsakar gida. Bai ɓoye komai ba: garin bai kai girman haka ba, ƙasar bakin gulbi rairayi ce, wutar da za ta ja jirgi babu ita. In aka fara, rami za a bari a tsakiyar gari, ya zama kududdufi. In kuma ya faɗi haka, babu aikinsa a nan, sai ya koma.

Ta ci gaba da tsintar kalwarta.

"Ka ce musu i mana," in ji ta.

"Inna, ba za a gama ba."

"Wa ya ce a gama? Su yi ta haƙa. Kafin su kai kasuwa na riga jirgin shiga ƙasa. Ubanka maƙwabta suka kai shi, kai kana can kana yi wa Larabawa rami. Ni ina son nawa ramin ka tsaya a kansa."

Ta faɗa ne tana dariya, amma hannunta ya bar tsintar kalwar.

Ranar kasuwa ya ce zai raka ta. Mairama, mai usur, wata doguwar bazawara mai sayar da man gyaɗa, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ba mu ɗaukar maza, Injiniya. In ka matsa, ka biyo baya daga nesa, kamar akuyar da aka sayar da uwarta."

Matan suka kwashe da dariya. Ya biyo baya da takalminsa sau-ciki, duwatsun layi suna gurɗa masa ƙafa. Daga nan ya ga yadda abin yake. Suna da tashoshinsu: tsamiya, rijiya, bayan makaranta. A kowace Mairama ta busa, wasu su shigo. Ba a wuce tasha sai an tambayi wadda ba ta fito ba. Tafiyar kuwa da ƙafar mafi rauni ake auna ta, kuma ya gane ƙafar wa ce.

Sun wuce rijiya kaɗan gwiwar ta ƙi. Inna ta durƙushe a kan ƙarfe, kwandon ya karkace. Ya sheƙo da gudu. Mairama ta tare shi da hannu ɗaya.

"Koma wurinka. Taragon mata ne."

Kafin ya buɗe baki an rarraba daddawar cikin kayan mata uku. Wata matashiya ta miƙa tallanta gaba, ta tsuguna, aka ɗora mata Inna a baya, aka ɗaure da mayafi. Ba wadda ta yi shawara da wata. Da gani ba yau aka fara ba.

"Kubura, kin ƙara nauyi," in ji matashiyar. "Tun da ɗanki ya zo kike cin nama a ɓoye."

"Tafi dai, jakar gidanmu. Ban biya ki don surutu ba."

Usur ya yi ƙara. Abdulrashid ya tsaya a tsakiyar layi har suka yi nisa, sannan ya bi su.

Ranar zaman kwamiti bai yi dogon jawabi ba. Ya ce Kaura ba ta bukatar jirgin ƙarƙashin ƙasa, ba yanzu ba, watakila har jikokinsu. Ya ce abin da za a kashe a binciken ƙasa kaɗai ya isa a sa wa mata motoci a kowace hanyar ƙauye. Alhaji Gado ya saurara yana jan carbi.

"Mun aika yaro ya koyo gini, ya dawo yana koya mana zama a bukka," in ji shi. "Allah ya yi albarka, Injiniya. A gai da tsohuwa."

Tsohuwa ta riga ta ji kafin ya iso gida. Ta ajiye masa tuwo, ta shige ɗaki. Da safe ya gaishe ta, ta amsa a taƙaice, kamar baƙon da ya kwana ba a so ba.

Ya nufi tsofaffin gidajen ma'aikatan jirgi, wurin Baba Fidelis, abokin aikin mahaifinsa, wanda ya zo daga kudu tun yana saurayi, ya tsufa a Kaura. Ya same shi yana ba kaji dusa.

"Ɗan Sabo. An ce ka zubar da tuwonka a gaban manya."

"Haka ne, Baba. 'Yar kurar ƙarfen nan da leburorin layi ke turawa da kayan aiki, tana nan?"

Tana nan, a bayan shago, kaji sun mai da ita gida. Baba Fidelis ya je da kansa ya nemo izinin shugaban tashar jirgi, da sharaɗin ran da jirgin gaske zai zo a ɗage ta daga layi. Sauran hutun Abdulrashid a kanta ya ƙare. Ya kankare tsatsa, ya sauya ƙafa ɗaya, ya haɗa mata birki da hannun tsohuwar garma, ya kafa benci da rumfar buhu. Baba Fidelis na riƙe masa ƙarfe yana tsiya.

"Shekara da shekaru a ƙasar Turawa, ga abin da muka samu. Amalanke."

"Ita ce aikina na farko da na san masu hawanta."

Suka tura ta har gindin tsamiya, suka danƙa wa Mairama. Ta zagaya ta, ta gwada birkin, ta ce ba laifi. Inna ba ta fito ba.

Ranar tafiyarsa ta faɗo ranar kasuwa. Ya shiga sallama da sassafe, ya tarar ɗakin ba kowa. Ya tsaya kaɗan, ya ɗauki jakarsa, ya hau kabu-kabu zuwa tashar mota, ya shiga motar Gusau.

A mahaɗar layi da titi direba ya taka birki yana tsaki.

"Yau kuma wane jirgi?"

Usur ne ya amsa masa. Kurar ta gangaro a hankali, 'yan mata biyu na turawa, kwanduna jibge a gabanta, tsofaffi uku a kan benci, sauran mata a jere a baya. Inna Kubura na zaune a gefen da ke kallon titi, ta ɗaga jar tutar Malam Sabo, duk ninkin shekaru a jikinta. Motoci suka tsaya ta kowane ɓangare. Wani fasinja ya ce ikon Allah.

Da kurar ta haye titi, Inna ta ce a tsaya. Ta bi tagogin motar da ido har ta same shi. Ba ta yi murmushi ba. Ta riƙe jar tutar a sama, ta daɗe, har direba ya fara danna oda. Sannan ta sauke ta a cinya, ta laluba gefenta, ta ɗago koriyar.

"Wannan tsohuwa ta san aiki," in ji direba, ya sa giya.

"Ta sani," in ji Abdulrashid.

Ya juya yana kallo ta gilashin baya. Ba ta sauke tutar ba har kwana ta raba su.