Liƙin da Ya Fi Muni

Malam ya juye tiren a kan tebur, guntayen tagulla suka watse. Dokarsa ce tun da ya fara koyar da aikin ƙarfe: kowa ya liƙa ƙarfe biyu da dalma, ya jefa a tire ba suna, shi kuma ya zaɓi mafi muni ya karya a gabansu. Aiki yake hukuntawa, ba fuska ba. A bayan idonsa Sake-Shi suke kiransa.

Tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Ya ɓoye wa matarsa, ya ɓoye wa shugaban makaranta, don ranar da aka gane, aji ya fita daga hannunsa. Yau ma da ya liƙa guntu ɗaya na gwaji don ya nuna wa ɗalibai, baya ya juya musu.

Ya bi guntayen da babban yatsa, ya ɗaga ɗaya.

"Wannan liƙi ne ko kashin kaza? Dalma ta dunƙule, baki bai haɗu ba. Mai wannan hannu ya je ya nemi wata sana'a, kada ya cuci mutane."

Ba wanda ya yi dariya, har Dogo, mai tattara aiki a tire, da ba ya rasa abin cewa. Kansa na ƙasa.

Sai yatsan Malam ya kai kusurwa. An goge kaifinta da magagari, don kada ta yanki mai ɗauka. Shi kaɗai ke yin haka. Nasa ne: Dogo ya haɗa da na gwajin ya kwashe.

"Nawa ne, Malam," in ji Auta, yarinyar da ta fi kowa hannu a ajin. "Sauri na yi."

"Ke ce sarkin sauri yau?"

"A yi haƙuri, Malam."

Ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ba mamaki a fuskar kowa, sai tausayi. Ashe sun daɗe da sani.

Ya sa filaya ya karya guntun. Ko ƙara bai yi ba.

"Ba a nan kika koyi ƙarya ba, 'yata," ya ce. "Zo ki nuna musu yadda ake yi."

Ya miƙa mata ƙarfen liƙi, ya koma bayan aji ya tsaya, ya sa hannun a aljihu. Aljihun na rawa.