Itacen Kabarin Hambali

"Ajiye gatarin nan, Amiru," in ji Mika'ilu, ya tare bakin zaure da jikinsa.

A cikin gida ana yi wa Malam Hambali wanka. An gama haƙa kabari, saura itacen da za a jera a rufe shi kafin a zuba ƙasa, kuma duk unguwar babu. Shinkafa da tumatir sun cinye daji tuntuni. Sai kurmin bakin kanal ɗin ban-ruwa, wanda hukuma ta killace saboda tsuntsayen da baƙi ke zuwa kallo. Hambali kuwa shi ne mai gadinsa.

Gadi kam ya yi shi har da gayya. Gatarin wa bai ƙwace ba? Har na Mika'ilu, maƙwabcinsa katanga ɗaya, suka daɗe ba gaisuwa. Mutane na cewa ya fi son belbela da 'yan'uwansa.

"Baba Mika'ilu, ubana ne fa!" in ji Amiru. "A gadin kurmin nan ya ƙare rayuwarsa. Ina burtsatsen da aka ce kuɗin baƙi zai yi mana? Shi ne ko reshe ba zai ci ba?"

"Jiya ya riƙe hannuna, ya ce ko tsinke kada a taɓa dominsa. Wai in aka sara don mamaci, gobe kowa yana da mamaci."

"To a buɗe za mu bar shi?"

Liman ya aiko a hanzarta, rana na yi. Mika'ilu ya dubi samarin da suka taru bayan Amiru, kowa da adda, wasu har da amalanke. Kabari ɗaya ba ya bukatar amalanke. Tsoro ya kama shi, don ya san in suka shiga, kurmin ba zai kai magariba ba.

"Ba ni," ya ce.

Ya karɓi gatarin, ya shige nasa gidan. Rumfar da ya adana albasar bana a ƙarƙashinta ya nufa, ya fara saran azarunta. Matarsa ta yi salati.

"Malam, albasar fa? Rana za ta dafa ta!"

Ya ci gaba da sara, hawaye na zuba.

Azarun suka rufe kabarin cif.

Da suka dawo ta bakin kanal, Amiru na tafe a gefen Mika'ilu. Albasa na baje a tsakar gida, rana na dukanta. Can saman kurmin, belbelu na sauka ɗaya bayan ɗaya.