Tukunya Biyu a Gidan Girart

Ni Thevenin, da na ci ɓawon itace a shekarar yunwa, annoba ta kwantar da ni kwana tara ta gaji ta yi gaba, ban san ko baƙi ɗaya ba. Amma duk faɗin ƙauyenmu na Montarnai, in ana neman sanin yadda aka saba, ƙofata ake bugawa.

Mu mutanen uban ƙasa ne, kowa ya san dokar. In mutum ya mutu, gonarsa ta 'ya'yansa ce muddin tukunya ɗaya suke ci da shi. In an raba tukunya, gona ta koma hannun uban ƙasa.

To, bayan girbi Girart mai saƙar kwando ya rasu, ya bar 'yarsa Perrenete da marayunta uku. Tun mutuwar mijinta take ɗakin uban. Wata biyun ƙarshe cikin tsohon ya ƙi kabeji, ya ƙi kitsen alade, sai ta samo 'yar tukunya tana dama masa kunun sha'ir da madara. Da Aubri, wakilin uban ƙasa, ya zo gaisuwa, idonsa ya faɗa kan murhu. Tukunya biyu. Bai ƙarasa gaisuwar ba ya ce gona ta faɗa hannun uban ƙasa.

Alƙali ya zo ranar Talata da hantsi, ya zauna gindin bishiyar ƙofar coci. Aka tara mu dattawa goma, muka dafa Linjila. Sharaɗin shi ne mu shiga mu yi shawara, mu fito da baki ɗaya. In mutum ɗaya ya kauce, maganar wakili ce za ta tabbata. Magatakardan alƙali yana fiƙe alƙalami yana koya mana cewa kalmar da muke kiran al'ada da ita daga Latin ɗin limamai ta fito, ma'anarta abin da mutane suka saba. Na ce masa mun saba kafin limamai su raɗa mata suna. Alƙali ya yi tari don ya ɓoye dariya.

A cikin coci Odot ya fara noƙewa. Ban ga laifinsa ba sosai: aladensa goma sha biyu a dajin uban ƙasa suke kiwo, kuma Aubri ke ba da izini. Ya ce shi tausayin yarinyar yake ji, amma tukunya biyu dai biyu ce, ba zai yi rantsuwa a kan ƙarya ba. Mutum uku suka gyaɗa kai. Sauran suka zuba wa ƙasa ido.

Na bar su suka gama. Sannan na ce, "Odot, ɗan autan Guiot mai ƙaton hanci, shekarar annoba ina kake cin abinci?"

Ya ce a rumbu.

"Tsohonka fa?"

Ni na tuna masa. Da annoba ta kama Guiot, uwar Odot ce ke dafa masa nasa daban, ta tura masa ta taga da sanda, su kuma ta dafa musu a rumbu. Ni na haƙa kabarin Guiot da hannun nan, ƙurjin hammatata ko bushewa bai yi ba. Na bi su ɗaya ɗaya, na faɗi sunan uban kowa da inda aka ajiye tukunyarsa. Cikinmu goma, bakwai a haka suka gaji gona, kuma uban ƙasa na wancan zamani bai ce uffan ba.

"In tukunyar mara lafiya tana raba gida," na ce, "ku fito mu miƙa wa Aubri gonaki takwas, ba ɗaya ba."

Odot ya ce ni tsohon jaki ne da mutuwa ta ƙi. Na ce ta ɗanɗana ne ta tofar. Ya share ido da hularsa, ya ce aladen su ci ƙaya.

Ni na yi magana da bakin goma. Magatakarda ya rubuta cewa a Montarnai tukunyar jinya ba ta raba gida.

Aubri bai yi gardama ba. Ya dai tambayi alƙali ko har yanzu uban ƙasa na ɗaukar dabba mafi kyau a gidan mamaci. Dabba ɗaya ce a gidan Girart, sa guda na noma. Perrenete ta dube ni, ta ce, "Baba Thevenin?"

Na ce mata haka aka saba, 'yata. Ban yi ƙarya don Aubri ba, ba zan yi dominta ba.

Aka ja san, tana biye da shi har bakin rafi. Da lokacin huɗa ya zo na kai mata nawa san, na riƙe garmar da kaina, ina da shekara saba'in da wani abu. Kunyar huɗar da na ja a gonar nan, ku je ku tambaya, ko zare bai fi ta miƙewa ba.