Remedios Ta Ɗauke Tukunyarta

Tun da aka binne mijinta, Remedios ba ta yi wa ƙaninsa Anselmo dariya ba. Ya dawo daga Barcelona da jaka ɗaya da surutu, ya ce rabin mashayar da mijin ya bari gadonsa ne, ya kama kantar sayar da abin sha ya zauna. Ita kuwa tana kicin inda ta tsufa, tana soya dankali tana kwarara masa jar miyar da duk unguwar Vallecas ta sani: garin barkono, fulawa, man zaitun da romon ƙashi. Ko tumatir ba ya kusantar tukunyarta.

Ran Lahadi da rana, wuri ya cika, sai ta leƙo ta ga an lafta wa dankalinta wani farin haɗin tafarnuwa, ya rufe jar miyar ruf. Ta fizgi farantin daga gaban mai ci.

"Wa ya zuba wa abincina kashin tsuntsu?"

"Ni ne, matar yaya," in ji Anselmo, yana goge kofi, ko kallonta bai yi ba. "Haka ake ci inda aka waye. Taki miyar ƙona wa mutane harshe take yi."

"To su koma gida su sha madara! Kai da ko ƙwai ba ka iya soyawa ba."

"Ke da kika iya, ai shi ya sa gyambon ciki ya kashe mini yaya."

Remedios ce ta yi jinyar mutumin nan har ya cika, Anselmo ko waya bai taɓa bugowa ba.

Ta dire farantin. Ta koma ciki ta kashe wuta, ta kama tukunyar da tsumma, ta ratsa mutane, ta tsallaka titi zuwa mashayar Fermina, wadda suka yi shekaru ba sa ga maciji.

Fermina ta dubi tukunyar, ta dube ta. "Ɓatan hanya kika yi?"

"Kina da murhu ko babu?"

"Akwai. Amma kika taɓa mini wuƙaƙe, sai na yanke ki."

Ba a jima ba masu ci suka fara tsallakowa, wasu da kofunan Anselmo a hannu. Ya tsaya bakin ƙofa yana ɗura mata ashar, yana cewa sai sun haɗu a kotu. Remedios ta zuba dankali a mai, ta ce wa Fermina ta matsa, tana tare mata haske.