Azarar Ɗakin Meram

Tun daga Damagaram suke tafe a kan kekuna, samari da ƴan mata biyu, kowa da tabarma da cokalin gini ɗaure a bayan sirdi. Duk garin da ambaliya ta ci sai su yada zango, su gina ɗaki ga wanda ya fi rasawa, su wuce. Ibrah ne jagoran tafiyar, don shi kaɗai ya taɓa aikin magini.

A Shetimari mai gari ya nuna musu gidan wata mata, Meram, can ƙasa kusa da gonakin tattasai. Da kogin Komadugu ya cika ya shigo unguwar, katanga ta faɗa wa mijinta. Ɗaki guda ya rage a tsaye, bangonsa na gabas a tsage. Mai gari ya ba da fili a kan tudu, da tubalin da aka riga aka buga. Ibrah ya yi sallama a bakin zanar gidan, ba a amsa ba. Ya ɗauka kunya ce, ya koma kan aiki.

Bango ya tashi da sauri. Da aka zo rufi, azara ta gaza. Mu'awiya, mataimakin Ibrah, ya ce a tsohon gidan akwai itace zube cikin laka, ba mai amfani da shi. Suka je suka kwaso, har da wata doguwar azarar giginya da suka tarar jingine da bangon ɗakin. Ita suka gitta a tsakiya, duk rufin ya hau kanta.

Ranar tashi, Zalika, ɗaya daga cikin ƴan matan, ta je kiran mai ɗaki. Ta dawo da wata tsohuwa maƙwabciya, Uwani.

"Ba za ta zo ba," in ji Zalika. "Takaba take yi."

Ibrah ya ajiye cokalin ginin. Sai yanzu ya gane shirun nan na bakin zana.

"Inna, ai malamai sun ce in ɗaki zai faɗi, ana iya tashi."

"An gaya mata, ɗana," in ji Uwani. "Ta ce a ɗakin nan ya bar ta, a nan za ta gama. Takabar kuwa ba za ta ƙare ba sai wajen ɗibar tattasai." Ta ɗaga kai ta dubi rufin. "Ashe nan tokarar ta zo. Marigayi ne ya tokare bangon da ita, da hannunsa. Tana ciki tana jin kuna janyewa."

"Me ya hana ta magana?" in ji Ibrah.

"Da maza baƙi?"

Mu'awiya ya ja shi gefe. Sojojin da za su raka su Diffa sun ce bayan azahar za a tashi, ba jira. Azara irin wannan kuwa sai can garin Maine ake samu. "In ka zare ta, rufin ya tafi. Tubalin laka ba rufi, ruwa ɗaya ya ishe shi."

Ibrah ya san haka. Ya dubi gabas, inda hadari ya fara haɗuwa, sannan ya hau bango.

Sauke rufin bai ɗauki lokaci ba. Ba wanda ya yi waƙa kamar ranar da aka ɗora shi. Suka ɗaura azarar a kan kekuna biyu, suka tura ta cikin yashi har ƙasa. Tsagar bangon ta ƙara buɗewa, yanzu tafin hannu yana shiga. Ibrah ya haƙa rami, ya kafa gindin azarar, suka ɗaga kanta suka danna.

Daga cikin ɗakin wata murya ta yi magana a hankali da Barbarci. Uwani ta kasa kunne.

"Ta ce ka matsa da ita hagu kaɗan. Nan marigayi ya sa ta."

Ya matsa da ita hagu, ya danne gindin da laka.

Motar sojoji tana gaba, kekuna na biye, suka hau kwalta. Ba su yi nisa ba yayyafi ya fara. Zalika ta waiwaya tana duban tudun, inda bango huɗu ke tsaye a buɗe. Ibrah ya sunkuyar da kai, ya ci gaba da tuƙi.